Tambaya da Amsa: Ɗana Yana Son Bin Jirgin Iska daga Dakar zuwa Tsibiran Kabo Berde

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi game da babban ɗana, wanda ya gama karatu a Dakar, ya kuma samu aiki a can shekara biyu ke nan. Makon jiya ya kira ni yana neman izinina ya bi wani ƙaramin jirgin ruwa na wani Bafaranshe, irin wanda iska ke turawa, daga Dakar zuwa tsibiran Kabo Berde a hutunsa na watan Disamba. Ya ce tsawon jirgin mita 12 ne, su huɗu za su tafi, kuma mai jirgin ya taso tun daga Faransa yana bin gaɓa tasha-tasha, a kowace tasha wasu su sauka wasu su hau. Ya ce ba biyansa za a yi ba, shi ne ma zai riƙa ba da Yuro 20 kowace rana, wajen jika 13 ke nan, na abinci da mai. Ni ruwan da na sani bai wuce Gulbin Maradi da damina da tabkin Madarumfa ba, kuma kullum muna jin labarin yaran da teku ta ci a hanyar Turai. Mahaifiyarsa ta daina barci. Mene ne gaskiyar wannan tafiya, me ya sa mutanen jirgin suke canjawa, kuma yaya sallarsa za ta kasance? In hana shi, ko in sa masa albarka?

Daga wani mahaifi, Maradi.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya muku zuri'a, ya kuma yi wa yaron albarka da ya nemi izininku kafin ya ɗaga ƙafa. Tsoron da ya hana Hajiya barci yana da dalili, don haka da shi zan fara.

Jiragen da muke jin sun halaka da ƴaƴan mutane kwale-kwalen katako ne na masunta, buɗaɗɗu ba rufi, waɗanda ake loda wa mutum ɗari ko fiye, su tashi daga gaɓar Senegal ko Muritaniya su nufi arewa zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya, suna kokawa da iska da igiyar ruwa har mai ya ƙare. A shekarar 2024 kaɗai mutum fiye da 46,000 ne suka isa Kanari ta wannan hanya, dubbai kuma suka salwanta a teku. Jirgin da ɗanku yake magana a kai wani abu ne dabam. A rufe yake ta sama, yana da ɗakunan kwana da madafa da makewayi a ciki, yana da inji na ko-ta-kwana, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙaton nauyi na ƙarfe ko dalma wanda yakan kai wajen sulusin nauyin jirgin gaba ɗaya. Wannan nauyi ne yake sa in iska ta kwantar da shi ya sake miƙewa da kansa. Jirgi mai mita 12 da aka kula da shi yana ƙetare Tekun Atlantika lafiya, kuma kowace shekara ɗaruruwa irinsa suna yin haka. Tun 1986 ma akwai ayarin irin waɗannan jirage da ke tashi daga Las Palmas ta tsibiran Kanari a ƙarshen Nuwamba ya nufi yankin Karibiyan, tafiyar mil 2,700 na teku zuwa tsibirin Saint Lucia, cikinsu har da iyalai masu ƙananan yara.

Daga Dakar zuwa Praia, babban birnin Kabo Berde, wajen kilomita 650 ne, kusan nisan Maradi da Yamai a mota. Mutanen teku da nasu mil suke lissafi, wanda yake mita 1,852, don haka za ku ji yaron yana cewa mil 350. Irin wannan jirgi yana yin mil 5 zuwa 6 a sa'a, saurin mai keke da ba ya gaggawa, amma da yake ba ya tsayawa dare da rana, yakan ci mil 120 ko fiye a kwana guda. Tafiyar kwana uku ce idan iska ta ba da haɗin kai. Lokacin da suka zaɓa ma ya dace. Manyan guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba suke, kuma da yawa daga cikinsu asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa ƙasashenmu ya yi yamma, ya faɗa teku kusa da Kabo Berde ya ƙara ƙarfi a watannin Agusta da Satumba. A Disamba kuwa iskar arewa maso gabas ce ke busawa a kai a kai, ƴar uwar iskar hunturun da ke fasa mana leɓe a Maradi. Ƙurarmu ma tana bin ta har can, ta yi hazo a kan tsibiran, wani lokaci sai jirgi ya matso ƙwarai kafin a hangi dutse.

Yanzu ga maganar canjin mutane, wadda a ganina ita ce zuciyar tambayarku. Mai irin wannan jirgi galibi mutum ne da ya yi ritaya ko ya ɗauki dogon hutu, yana da shekara guda ko biyu na yawo, alhali ƴan uwansa da abokansa hutun mako biyu ko uku kawai suke samu. Shi kaɗai kuma zai sha wuya, domin jirgi a teku dole ne a kowane lokaci a samu ido biyu a waje, yana duba fitilun manyan jirage da sauyin iska. Saboda haka sai ya yanka tafiyar zango-zango, kamar yadda fataken da suke yi, wani ya shiga ayari a nan ya rabu da shi a kasuwa ta gaba. Wannan ya raka shi daga Faransa zuwa Fotugal, wancan daga Kanari zuwa Dakar, ɗanku kuma daga Dakar zuwa Kabo Berde, inda wasu za su karɓa su ƙetara da shi. Gadin ma rabawa ake yi, sa'a uku-uku ko huɗu-huɗu, haka girki da wanke-wanke. Kuɗin da aka ce ya bayar al'ada ce sananniya a tsakaninsu, asusu ne da kowa ke zubawa a sayi abinci da mai a biya kuɗin tasha. Abin da ya kamata ya tambaya tun a ƙasa shi ne me asusun ya ƙunsa, ko mai jirgin shi ma yana zubawa, kuma in wani abu ya lalace a hanya wa zai biya. Gyaran jirgi na mai jirgi ne, kuma gara a faɗi haka a rubuce, ko da a saƙon waya ne.

Illar wannan tsari ita ce a kowane zango jirgin yana tashi da mutanen da ba su san juna ba, wasu ma ba su san jirgin ba. Ayari kuwa ingancinsa daga madugu yake. Na taɓa bin irin wannan jirgi daga Dakar zuwa bakin kogin Salum, kuma abin da ya kwantar mini da hankali ya faru ne tun kafin a ɗaga anka. Mai jirgin ya tara mu sababbi biyu, ya ɗaga allunan daɓe ya nuna mana kowace kafa da ruwa ke iya shigowa ta cikinta da yadda ake rufe ta, ya nuna mana inda abin kashe gobara yake, ya sa kowa ya ɗaura rigar ceto a jikinsa ya daidaita ta da kansa, sannan ya miƙa mini bakin rediyo ya ce in nuna masa yadda zan kira neman taimako a tasha ta 16 in shi ne ya faɗi. Da muka fita bakin gaɓa sai ya jefa wata robar kare jikin jirgi a ruwa ya yi ihu cewa mutum ya faɗa, ya sa ɗayanmu ya tsaya yana nuna ta da yatsa ba ƙiftawa, har muka juyo muka tsamo ta. Na ga yadda abu fari tas ya ɓace mini tsakanin igiyoyi biyu a cikin ƴan daƙiƙu, da rana tsaka. Tun ranar na san cewa mai jirgin da ya ce wa baƙo "hau kawai, za ka koya a hanya" bai cancanci a ba shi amanar ɗan kowa ba.

Babban haɗarin wannan tafiya faɗawa ruwa ne, musamman da dare, ya fi nutsewar jirgi yawa nesa ba kusa ba. Maganinsa ɗamara ce mai igiya da ƙugiya, wadda mutum ke maƙalawa a jikin jirgi duk lokacin da ya fito waje da dare ko cikin iska mai ƙarfi. Ku ja masa kunne a kan abu biyu: kada ya taɓa tsayawa bakin jirgi don kama ruwa, akwai makewayi a ciki, kuma ya kiyayi sandar da ke kwance a ƙarƙashin babban ƙyallen iska, domin in iska ta juyo ta bayansa takan wulwulo daga gefe zuwa gefe daidai tsayin kan mutum. Ku kuma tambaye shi gaskiya tsakani da Allah ko ya iya iyo, tunda yawancin yaranmu na Maradi ba su tashi da shi ba. In bai iya ba, ya faɗa wa mai jirgin tun yanzu, ya kuma yi amfani da makonnin da suka rage ya koya, Dakar ba ta rasa wurin koyo ba. Jiri da amai kuwa kusan kowa yana yi a kwana na farko da na biyu, sannan jiki ya saba. Ya ci abu kaɗan-kaɗan, ya sha ruwa, ya zauna a waje yana kallon inda sama ta haɗu da teku, citta ma tana taimaka wa wasu, akwai kuma ƙwayar da ake sha kafin a tashi.

Kayan da ya kamata ya gani da idonsa su ne kwale-kwalen ceto mai hura kansa, da takardar da ke nuna ranar da aka duba shi, da na'urar da ke aika kiran ceto ta tauraron ɗan'adam in an kunna ta, da wadda ke nuna wa manyan jirage inda suke. Ya nemi ganin takardar mallakar jirgin da ta inshora, ya kuma nemi lambar mutum ɗaya ko biyu da suka sauka a zangon baya ya kira su. Wanda ya kwana goma da mutum a ɗaki mai girman shago ya san halinsa, ya san ko mai fushi ne, ko mai sha ne a kan aiki, ko mai jin shawara ne. Mai jirgin kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, shi ma irinsu zai yi wa ɗanku.

Sai takardu, kuma a nan ina son ku sa ido sosai, domin ɗan Nijar a cikin ƙaramin jirgi da ya taso daga Senegal zai sha tambayar da Bafaranshe ba zai sha ba, saboda matsalar safarar mutane a wannan gaɓa. Kowane jirgi yana da takardar sunayen mutanen cikinsa, da lambar fasfon kowa, wadda ƴan sandan iyaka ke buga wa hatimi a fita da shiga. Dole sunansa ya shiga cikinta tun a Dakar, a kuma buga masa hatimin fita a fasfonsa. In sun isa, jirgin zai ɗaga tuta rawaya, alamar cewa bai riga ya gana da hukuma ba, kuma shiga ta farko sai ta tashar da aka amince, wato Praia, ko Palmeira a tsibirin Sal, ko Mindelo a tsibirin São Vicente. Ranar da zai rabu da jirgin kuma sai ya tafi tare da mai jirgin a cire sunansa a hukumance, a nan ne za a iya neman ya nuna tikitin jirgin saman komawa. Kabo Berde tana cikin ƙungiyar CEDEAO, Nijar kuwa ta fita daga cikinta a ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka kada ya dogara da abin da aka saba a da. Ya je ofishin jakadancin Kabo Berde da ke Dakar da fasfonsa ya ji ko ana buƙatar biza, ya kuma riƙe katinsa na rigakafin shawara. Fasfonsa a jakarsa zai zauna, mai jirgi zai karɓa ne kawai lokacin zuwa wurin ƴan sanda da duwan, ya dawo masa da shi.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan ɓoye muku ba. Wannan yanki na teku hanya ce ta masu safarar hodar iblis daga Kudancin Amurka zuwa Turai. A 2017 an kama wani jirgin iska a Mindelo da fiye da tan guda na hodar a ɓoye cikin jikinsa, aka ɗaure matuƙansa, ƴan Birazil uku da Bafaranshe ɗaya, waɗanda aka ɗauka aikin kai jirgin kawai, suka kuma dage cewa ba su san da kayan ba. An yanke musu shekara 10, sai a 2019 aka sake su bayan an soke hukuncin. Jirgin da ya gangaro daga Faransa da mai shi a ciki bai kai wanda ya fito daga wancan ɓangare abin zargi ba, duk da haka ya binciki tashoshin da jirgin ya bi a littafin tafiyarsa, kuma kada ya karɓi saƙon kowa ya kai wa wani, ko da ƙullin magani ne aka ce masa.

Wani abin da canjin mutane ke jawowa shi ne matsin lokaci. Wannan yana da tikitin ranar kaza, wancan hutunsa zai ƙare, sabon mai hawa yana jira a tasha ta gaba, sai mai jirgi ya ji nauyi ya fita cikin iskar da ya kamata ya jira ta lafa. Mutanen teku sukan ce ana iya yi wa mutum alkawarin wuri ko alkawarin rana, amma ba duka biyu ba. Don haka ya bar ratar kwana huɗu ko biyar tsakanin ranar da suke sa ran isa da ranar tikitinsa, ya kuma sanar da wurin aikinsa, don kada ya zama shi ne mai ingiza mutane. Tsakanin tsibiran ma ba wasa ba ne, mashigin da ke tsakanin São Vicente da Santo Antão yana matse iska ta ninka ƙarfi.

Game da salla, addini ya sauƙaƙa. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, abin da ya mutu a cikinsa kuma halal ne, kamar yadda hadisi ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, saboda haka da guga ɗaya na ruwan teku zai yi alwala ba tare da ya taɓa ruwan sha ba. Matafiyi ne, zai yi ƙasaru. Jirgin yana da kamfas, alƙibla kuma daga can tana gabas da ɗan karkata arewa, wato bayansu ke nan tunda yamma suka nufa. In tsayuwa ta gagara saboda tangaɗi ya yi a zaune a cikin ɗaki, kada ya kwance ɗamararsa ya tsaya a saman jirgi. Maganar abinci kuwa ya faɗe ta ranar da za a je cefane, cewa ba ya cin naman alade ba ya shan giya, don a raba tukunya a kuma cire kuɗin giya daga rabonsa na asusu. Kifin da za su kama a hanya, da shinkafa da ƙwai da wake, sun ishe shi.

Shawarata, Alhaji, ku sa masa albarka, amma da sharaɗi. Ya fara fita da mutumin na yini guda a kewayen tsibirin Gore da ke gaban Dakar, in da hali ma su kwana ɗaya a teku, ya ga halinsa ya ga yadda jikinsa zai karɓa. In ya dawo ya ce muku hankalinsa bai kwanta ba, ku ƙarfafa masa gwiwa ya janye ba kunya, jirage da yawa suna ya da zango a gaɓar Hann ta Dakar kowane hunturu. In kuwa ya gamsu, ya turo muku sunan jirgin, da ƙasar da tutarsa take, da lambarsa ta rediyo mai alƙaluma tara, da lambar wani na mai jirgin da ke ƙasa. Da sunan ko lambar, ƙannensa za su iya ganin inda jirgin yake a shafin MarineTraffic duk lokacin da yake kusa da gaɓa, in na'urarsa mai nuna wa manyan jirage inda yake tana kunne. Ku kuma shaida wa Hajiya tun yanzu cewa sa'o'i kaɗan bayan tashinsu wayarsa za ta daina shiga, kuma shirun kwana uku ko huɗu a wannan hanya shi ne abin da aka saba. Allah ya kai shi lafiya ya dawo muku da shi lafiya.

TAMBAYA

Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo. Na gane yadda iska ke tura jirgi in tana bayansa, amma in daga inda ya nufa take busowa, yaya yake yi?

Daga wata ɗaliba, Maradi.

AMSA

Ƴata, kai tsaye cikin iska babu jirgin da ke iya tafiya da ƙyalle, amma yana iya kusantar ta har zuwa wajen digiri 45. In aka ja ƙyallen aka ɗaure shi tamau kusa da tsakiyar jirgi, yakan yi lanƙwasa irin ta fiffiken jirgin sama, iskar da ke bin bayansa ta fi ta cikinsa sauri, sai a samu ƙarfin da ke jan jirgin gefe da kuma ɗan gaba. Faffaɗan nauyin nan da ke ƙarƙashin ruwa shi ke hana shi zamewa gefe, don haka ƙarfin da ya rage sai ya tura shi gaba. Ki matsa ɗan kankana mai santsi tsakanin yatsu biyu ki ga yadda zai tsere ta gaba, alhali ta gefe kika matse shi. Haka jirgin zai yi ta tafiya a karkace, ya yi dama na wani lokaci, ya juya ya yi hagu, kamar mai hawan tudu da jaki mai kaya. Hanyar takan ƙaru da kusan rabi, jirgin yana kwance a gefe guda yana sarar igiyoyi da goshi, ruwa yana fantsamo wa mai gadi. Shi ya sa masu yawon nan suke gangarowa daga Turai zuwa Kanari da Dakar da Kabo Berde da iska a bayansu, su ƙetara zuwa Karibiyan, sannan in za su koma gida a watan Mayu ko Yuni su yi arewa su bi ta tsibiran Azores da ke cikin Atlantika yamma da Fotugal, inda iskar yamma ke mai da su Turai.